Waya Biyu

Tukunyar ɗumama gidanmu ta girme ni da shekara uku.
Tana ƙarƙashin matakala, a Peterhead,
fentinta ya koma launin haƙorin tsoho.
In za ta tashi sai ta yi gyaran murya sau biyu
kafin ruwan zafi ya bi bututu ya zaga ɗakuna.

Na zo da sabuwar na'ura a kwali,
'yar kewayayya, ba ta fi murfin gwangwani ba,
wai tana koyon halin mai gida.
Baba ya juya ta a tafin hannunsa,
hannun da igiyar jirgin kamun kifi ta cinye,
ya ce, "Rhona, shekara arba'in da ɗaya
uwarki ba ta gama koyon halina ba."

Kacper mai gyara ya durƙusa, tocila a baki.
Ya kashe wuta, ya kwance murfi,
ya leƙa, ya yi dariya ta hanci.
Waya biyu kacal.
Tsohuwar nan kalma biyu ta sani a duniya,
kunna da kashe.
Duk iyayin da yarinyar ta zo da shi
sai dai ta haɗiye abinta.

Ya kafa ɗan akwati a bango ya zama tafinta.
Danna nan, riƙe, ƙirga goma.
Ja.
Ja.
Ja kuma.
Bangon dutse ya hana su jin juna.
Muka ɗauko ta daga falo, taku-taku,
kamar masu lallashin kaza,
har bakin kicin.
Kore.
Can ƙasa aka yi gyaran murya sau biyu,
Baba ya kau da kai, wai shayinsa ya huce.

Yanzu ina Glasgow da waya ta uku a aljihu.
Biyar saura kwata na asuba
lamba ta fara hawa, sha huɗu, sha shida, sha tara:
ya tashi ke nan,
kamar har gobe akwai jirgin da ke jiransa.
Ba ya kira. Ba halinsa ba ne.
Lambar nan ita ce ina kwananmu.

Makon jiya na'urar ta kawo ƙara,
wai zafi na zurarewa, kuɗin gas na hawa.
Na buga masa.
Shiru, sai kukan tsuntsayen teku ta tagarsa.
Ashe bututun ɗakin ɗinki ya buɗe,
ya bar ƙofar a wangale.
"Elspeth ba ta son sanyi a yatsu," in ji shi.
Keken yana nan lulluɓe da mayafi
yau shekara biyu,
da zare shuɗi a allurar.

Da dare na'urar ta tambaye ni
ko ta rage.
Na daɗe ina kallon allon.
Na danna a'a.

Ba ta sake tambaya ba.