Bayan Ƙurunƙus

Da daddare, a gindin ɗorawa,
Gwaggo Tabawa ke ba yara labarinmu:
"Sai Nomau mahauci ya wasa wuƙarsa,
ya farke dodon kogi daga maƙoshi har cibiya,
sai ga yara na zubowa
kamar kifi daga bakin koma."
A yi tafi. Ƙurunƙus. A naɗe tabarma.

Ina bayan zana ina ji.
Ni ce ta shida da ta fito.
Ba ta taɓa cewa mu tara muka shiga ba.

Damina uku na yi a ciki.
Duhu ba komai ba ne, ana sabawa.
Abin da tatsuniya ta manta shi ne ɗumin,
da bugun zuciyarsa bisa kawunanmu
kamar lugude a gidan maƙwabta,
dakan da ba a taɓa sauke taɓarya ba.
Mun ci abin da ya haɗiyo:
tarwaɗa da ƙayarta,
shinkafar kwalekwalen da ya kife a mashigin Auyo,
wata rana akuya har da igiyarta.
Sai watan da kogi ya ja baya,
bai haɗiyi komai ba.
Kada a tambaye ni watan nan.
Ƙanena Tanimu ne ƙaraminmu,
shi ya fara yin shiru.
Na fito da layarsa a hannu.
Layar kaɗai.

Inna ta wanke ni da ganyen magarya,
irin wankan da ake yi wa wanda ba zai tashi ba,
sau bakwai, tana kuka tana godiya.
Har yau kuliyoyi na bin sawuna.

An mayar da ni makaranta,
na fi kowa tsawo a benci.
Malam ya rubuta tara, ya ce a ɗebe uku.
Na amsa tun allinsa bai sauka ba,
ya ce ina da ƙwaƙwalwa.

An ba Nomau saniya da babur.
Ran kasuwa, in Inna ta aike ni sayen ƙashi,
yakan miƙo min ƙunshin yana kallon ƙasa.
Shi kaɗai ya ga bakina
sa'ad da haske ya fara shigowa.

Mu shidan ba ma gaisawa a famfo.
Barmani ta daina magana,
Shekarau na kwana cikin rumbu, ya jawo murfi.
Amma in ruwa ya cika fadama ya shafe kunyoyi,
sai mu tsinci kanmu a gaɓa da tsakar dare,
ba wanda ya kira wani,
ƙafafu cikin laka, muna jiran
abin da muka san an riga an yanka.

Fatarsa suka jeme suka yi ganga.
Ran bikin kaka, da makaɗi ya sa gula,
gari na rawa, ni na jingina da katanga
na yi barcin da rabona da shi tun fitowata.

Jiya na ci malmala huɗu, na suɗe tukunya,
cikina na ƙugi kamar ba a ba shi ba.
Ƙirjina ya soma wani irin bugu,
mai nauyi, a hankali, na san shi.

Gwaggo ba ta faɗin inda dodo ya fito.
Yara ma ba sa tambaya.
Ni da na kwana kusa da haƙarƙarinsa
na taɓa shafo wani abu maƙale a nama:
ƴar laya, irin wadda uwa ke ɗaura wa jariri.

Yau Gwaggo na fama da tari.
Yara sun zagayo bayan zana,
ƙaraminsu ya hau cinyata, yana ƙamshin nono.
Suka ce, Tasalla, ke yi mana.

Na haɗiye yawu.
Na ce, ga ta nan, ga ta nanku.
Suka ce, ta zo mu ji ta.