Kafaɗar Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ranar Talata, a ɗakin ƙasa na makarantar likitoci a Valparaíso,
warin magani ya danne ƙarnin teku.
Malama Eulalia Cárcamo ta yaye farin ƙyalle iya kafaɗa,
ta ce, "Fuska ba taku ba ce yau."

Lamba goma sha huɗu. Sunansa ke nan a wurinmu.

Na tsaga fata, hannuna na rawa.
Kitse rawaya, sannan tsoka mai kusurwa uku
ta kife kan gaɓa kamar hular da aka ja har kunne.
A kwarin da ke tsakaninta da tsokar ƙirji
wata siririyar jijiyar jini ta kwanta,
hanyar komawa gida, ba kowa a cikinta.

Muka ɗaga. A ƙasa, guda huɗu:
ɗaya bisa allon kafaɗa, biyu ta baya, ɗaya ta ɓuya a gaba,
sun damƙe kan ƙashin damtse
kamar yatsun da ke tare ƙwai a kan cokali.
Gurbin ba shi da zurfi. Malama ta ce ciniki ne:
gaɓar da ke son kai hannu ko'ina
dole ta haƙura da zama daram.

Anselmo ya bi babbar jijiya da hantsaki.
Ƙarƙashin ƙashin wuya sunanta daban,
ta shiga hammata ta sake suna,
ta gangara damtse ta sake wani,
kamar titin da ke sauka daga tudunmu zuwa tashar jiragen ruwa,
kowace kwana da allonta, hanya kuwa ɗaya.
Rassa biyu suka zagaye wuyan ƙashi, suka haɗu, suka gaisa.

Sai agarar sama. Ta tsinke rabi,
ta yi buzu-buzu kamar igiyar da ta daɗe a bakin ruwa.
"Ta dama ce," in ji Malama. "Buhuna. Shekara talatin, ko fi."

Na ajiye aska.
Babana ma haka yake sa riga:
hannun dama tukuna, a hankali, yana cije leɓe,
yana cewa sanyi ne kawai.

Da yamma na hau tudu,
na tarar da shi yana fama da gwangwanin shayi a saman kanta.
Ban ce komai ba.
Na ɗora tafina daidai inda na tsaga da safe.
Akwai ɗumi.
Ƙasan ƙashi wani abu na bugawa,
mai suna uku.