Darasin Adabi a Wad Madani

Ustaza Ihlas ta rufe littafin Turanci:
"Jarumansu, girman kai ke kayar da su;
a yi wa sarki gargaɗi, ya toshe kunne."

Ban rubuta ba.
Kawu Harisu nake gani a mashigin Maiurno,
ranar da Nilu ya yi ja,
masunta suka ja jiragensu tudu.
"Ni kogi zai koya wa tuƙi?"
Ya tofar da yawu, ya tokari gaɓa da gora.

Kwana uku, filafilinsa kaɗai ya dawo.

Nasu jaruman da dogon jawabi suke faɗuwa,
a tafa, a ja labule.
Namu ko sallama bai yi ba.
Ya bar shayinsa kan dutse,
rabin kofi.