Kwalba Biyu a Valparaíso

Kwalba biyu kan teburin Eleodoro mai gyaran agogo:
ta maganin ido, da ta gam.
Cikin duhu, hannu bai iya karatu ba.

Ɗigo ɗaya. Wuta!
Fatar ido ta kama 'yar'uwarta kamar an ɗinke.

Ya kai yatsa zai ɓamɓare,
Herminia ta kaɗe hannun:
"Kul! Ido ba murfin agogo ba ne."
Ta yi ta kwarara ruwan ɗumi
har tasi ta hawo tudunsu.

Likita ta datse gashin idon,
ta shafa mai, ta ɗora jiƙaƙƙiyar auduga,
ta ce a bar wa hawaye sauran aikin.

Rana ta huɗu ido ya buɗe da kansa.
Ga Herminia can,
tana ɗaura jan zare a wuyan kwalbar gam.