Gurbi Biyu a Takardar Nicanor

Nicanor ya hawo dutsen Chincua da takardar ofis,
sanyi na mayar da numfashinsa hayaƙi.
Ya ce, "Eufrosina, ke kika san dajin nan.
Gurbi biyu ne, taya ni cikewa."

Gurbin farko na malam-buɗe-littafi ne,
mai ruwan goro da baƙin zane.
Takarda ta ce ƙwaro:
ƙafa shida, fiffike huɗu, babu ƙashi ko na magani,
jiya tsutsa, yau ɗan ado.
Na biyu hilgero ne, mai riga ruwan toka.
Ƙashin baya gare shi kamar ni,
jini mai ɗumi kamar ni.
A maƙogwaro muka rabu.
In ya saki murya a kwazazzabo
sai ka ce an ɓarar da kwandon ƙararrawa.

"Mazauni fa?"

Na ce wancan baƙo ne.
Daga arewa mai nisa yake zuwa a Nuwamba,
ya sauka a itacen da kakan kakansa ya bari,
ba wanda ya yi masa kwatance.
Su taru a kan oyamel har reshe ya sunkuya.
Ba ma ƙirga su, faɗin inda suka rufe muke aunawa,
kuma igiyar awon bana ta yi mana yawa.
Hilgero kuwa ɗan gida ne.
A gefen gangare yake sheƙa, cikin gansakuka,
bai taɓa ganin kan iyaka ba.

"Halin da suke ciki?"

Wannan ya riga ya zo a buge daga birni.
Gaban baƙo an ja layi da jan biro.
Shi ya sa aka ba ni hula da usur,
aka kewaye itatuwa,
masu kallo ke hawowa a kan doki suna raɗa.
Gaban ɗan gida kalma biyu kacal:
babu damuwa.

Ban ce ƙarya suka yi ba.
Wataƙila a wasu duwatsun yana nan birjik.
Amma ran Lahadi a kasuwar Zitácuaro
na ƙirga bakwai a kejin kara,
an lulluɓe su da tsumma.
Ɗaya ya fara waƙa, ya tsaya a rabi.
Bayan maɓuɓɓuga, inda mahaifiyata ke ajiye tulu ta saurara,
damina uku ke nan shiru.

Baƙo ake wa shimfiɗa,
ɗan gida ya kwana inda dare ya same shi.
Zarto kuma ba ya tambayar
wa ke barci a sama, wa ke kwanci a ƙasa.

Nicanor ya juya takarda gaba da baya.
"Babu gurbin wannan," in ji shi.
Na karɓi birona, na hura wa yatsuna ɗumi,
na rubuta a gefe, da ƙananan baƙi:
Damina uku ban ji shi ba.

Wani malam-buɗe-littafi ya sauka a kan rubutun,
ya buɗe, ya rufe.
Muka jira shi ya tashi.