Ƙafar Hagu ta Gaba

Ƙarfe shida, kafin Wexford ta farka,
na ja Fiach daga barga.
Siminti a jiƙe, tsuntsayen teku na tsegumi a kan rufi.
Ba na dubansa tukuna, kunne nake kasawa:
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
sai na huɗun ya iso a makare,
kamar mai bin bashin da ke jin nauyin buga ƙofa.

Ta dawo ke nan.
Karo na uku tun watan Maris.

Shekararsa goma sha tara.
Furfura ta sauka a kwarmin idonsa ba sallama.
Wannan ƙafar ce ke fara taɓa ƙasa
duk sanda muka tsallake sanduna masu kai mini kafaɗa.
Ni aka tafa wa, ni na karɓi kofi,
ita ta biya kuɗin saukar.

Dokta Furlong ta zo da laka har gwiwa.
Ta ce, "Sa shi sassarfa, Bríd. Juyo da shi. Ƙara."
Ido ba mudu ba, amma ya san kima:
in ta hagun ta taka, kansa ya ɗago,
in ta daman ta taka, kansa ya sunkuya,
yana amsa tambayar da ban so a yi ba.
Ta ɗora hoton ƙashin a gilashin mota.
Wani ɗan ƙashi ne can cikin kofato,
bai kai babban yatsana ba,
gefensa ya zaizaye kamar tsohon sabulu.
Na ce zai warke?
Ta ce, "Za mu lallaɓa."

To, lallaɓawar ke nan.
Mossie Kehoe maƙeri duk mako biyar,
ya rage tsinin kofato, ya ɗaga dunduniya,
ƙusoshi a baki, yana zagin gwamnati ta hanci.
Tiyo na ruwan sanyi, minti ashirin,
har yatsuna su daina zama nawa.
Garin magani cikin tuffa,
ya cinye tuffar, ya tofar da garin, ya dube ni.
Da littafin da ke rataye a ƙusa:
Litinin, daidai. Talata, daidai.
Laraba, zafi kaɗan a dunduniya.
Alhamis ban rubuta komai ba.

Na riga na biya kuɗin gasar Asabar a Gorey.
Wani ya raɗa mini cewa allura ɗaya ta isa,
zai yi tsalle kamar ɗan shekara takwas.
Na sani. Abin da ke ba ni tsoro ke nan.
Dokin da ba ya cewa a'a,
wani ne zai faɗa a madadinsa.
Na kira su da daddare, na ce a cire lamba arba'in da ɗaya.
Matar ta ce, "Sai wata shekara."
Na ce mata i.

Yanzu rairayin bakin teku muke bi in ruwa ya janye,
ba sirdi, igiya kawai,
gishiri na lasar ƙafar har idon sawu.
Ran Lahadi Clodagh, 'yar maƙwabta, takan hau shi,
ya ƙetare sanduna uku kwance a ƙasa
da kunnuwa a tsaye, kamar duniya na kallo.

Jiya na sake shi a makiyaya.
Akwai wani tsohon shingen dutse can ƙasa,
ƙofarsa a buɗe take, shekara da shekaru.
Ya dubi ƙofar. Ya dubi shingen.
Na yi ihu, bai ji ba, ko ya ji.
Ya tashi sama, wallahi, tsaf,
gwiwoyi a naɗe, ko gansakuka bai shafa ba.

Yau da safe na huɗun ya sake makara.
Na kunna tiyo, na duba agogo.
Yana ta cusa hanci a aljihuna, neman tuffa.