Baƙin Faranti

Ƙarfe goma na dare a gaɓar Shikoku,
bututun masana'antar takarda na huci saman teku.
Na tufke gashi, na sa hular leda,
na tsaya gefen layi na huɗu
inda ƙunzugun tsofaffi ke wucewa, ɗari biyu a minti,
farare tas, kamar balbelu sun yi sahu.

Aikina girgiza.
In zaro ɗaya, in kama shi ta kunnuwa biyu,
in kaɗa sau hamsin bisa baƙin faranti,
sannan in duƙa in ƙirga abin da ya zubo.

Garin da ke ciki, ka rantse gishiri ne.
Ba ɗanɗano, ba wari. Ƙishirwa ce zalla aka niƙa.
Ƙwaya ɗaya in ta sha ruwa
sai ta kumbura ta yi santsi,
ta riƙe abin da ta sha, ba ta mayarwa.
Amma busasshiya ba ta san zama ba:
ta ratsa auduga, ta lalubi bakin ninki,
inda gam ya yi ƙyuya, nan ce ƙofarta.
Shi ya sa muke naɗe ta a takarda mai laushi,
mu zizara gam siriri kamar yanar gizo,
ƙarfe mai zafi ya danne gefe da gefe.

Ochi, shugaban dare, ya ce
in ba su wuce biyar ba, a bar layi ya tafi.
Wata Talata na ƙirga bakwai.
Na dubi agogo, na dubi bayan Ochi.
Na rubuta biyar.

Uwata Tsuyako tana da tamanin da shida,
arba'in daga ciki a kan tudu ta yi su, tana tsinkar lemo.
Yanzu ita ma zuba take:
jiya sunan unguwa, shekaranjiya sunan mijinta,
ɗaya-ɗaya, ba ƙara.
Wannan ninkin ba ni da gam ɗinsa.

Kwalin da ma'aikata ke saya da rangwame
shi nake ɗaurowa a bayan keke.
Mako uku bayan Talatar nan, da asuba,
na juya ta zan canza mata,
sai ga su a cinyarta,
kumburarru, garai-garai kamar ƙwan kifi,
fatar ƙarƙashinsu ta yi ja.
Ruwa ba ya tsami banza.
Na juya leda, na karanta lamba.
Layi na huɗu. Kwanan watan na san shi.

Ta ɗauki ɗaya a kan yatsa,
ta ɗaga ta wajen taga.
Ta ce, Kinuyo, ƙanƙara ta sauka?
Maza je ki rufe lemo.

Na ce na rufe, Inna.
Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi,
na bi su ɗaya bayan ɗaya.
Goma sha tara. Ban rage ko ɗaya a lissafi ba.

Daren nan faranti ya ba ni shida.
Na danna jan maɓalli.

Ban taɓa jin shirun wurin ba.
Har ƙugin jirgin ruwa ya shigo ta taga.
Ochi ya iso yana goge wuya,
bai ce komai ba, ya kunna tocila,
muka rusuna ƙarƙashin inji mu biyu.
Bakin gam na uku daga hagu
ya toshe da busasshen ɗigo,
bai kai ƙwayar riɗi ba.

Minti goma sha ɗaya layi ya tsaya.
Ochi ya lissafa su da ƙarfi, don in ji,
ya buga su sau ɗari biyu, ya rubuta sunana a gefe.

Inji ya yi tari, ya tashi.
Na share faranti da hannun riga,
na zaro wani.